Riga a Kan Kujera

Da sunan Allah mai rahama, mai jin ƙai.

Daga Dabokpa, Tamale, zuwa ga 'yata Salamatu, Uwata ta kaina.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba da ta ɗa a haɗe, tunda sunan mahaifiyata kike ɗauke da shi, kuma tun kina goye ban taɓa iya kiran sunan nan da ƙarfi ba. Allah ya tsare ki a zaune da tafe, a kan tudu da kan ruwa. Allah ya haɗa ki da mutanen kirki duk inda ƙafarki ta sauka.

Za ki yi mamakin mutum ya rubuta wa wanda suke gida ɗaya wasiƙa. Tsakanin ƙofata da taki babu komai sai igiyar shanya da randar Mmanki, mahaifiyarki. To kin dai san bakina. In na ɗauko magana a Tamale sai na bi da ita ta Salaga kafin in dawo, kuma kafin in dawo mai sauraro ya tuna ya bar tukunya a wuta. Wurin kakata na gada, ita ma ba ta taɓa fara tatsuniya daga farkonta ba. Ban da wannan kuma, kwanakin nan gaisuwarki ta gajarta. Sai ki durƙusa ki ce, "Baba, ina kwana," kafin in gama cewa lafiya kin miƙe. Ban ga laifinki ba.

Bari in faɗi abin da ke tsakaninmu a fili. An tura ki koyarwa ƙauyen nan na hayin kogi, inda babu wutar lantarki, inda in ruwa ya cika sai kwalekwale. Motarki ta Lahadi ce. Kin roƙe ni in je wurin Alasan, tsohon ɗalibina wanda yanzu babba ne a ofishin ilimi, in sa baki a dawo da ke cikin gari. Kin ce iyayen ƙawayenki sun je, an gyara musu. Kin ce karatun digirin da kike zuwa Asabar da Lahadi zai tsaya. Duk gaskiya kika faɗa. Ni kuma na ce bari in yi tunani, ke kuwa kin san tunanin Babanki ba ya sauri. Zan zo kan maganar Alasan. Amma sai kin bi ni ta Salaga tukuna.

Wurin da aka fara tura ni aiki wani ƙauye ne can bayan Sagnarigu. A lokacin Sagnarigu ba ta haɗe da gari kamar yanzu ba, gonaki ne da daji tsakani. Mutanen ƙauyen suka nuna mini ɗakin da suka gyara wa sabon ticha. Na leƙa, na ga rufin ciyawa, na ga ƙadangare yana kallona kamar shi ne mai gidan, na ce na gode. Ni ɗan zongo, unguwar Hausawa ta cikin gari, mai wando da guga, in kwana nan? Na je na sayi keke. Kullum in taso daga gari da sassafe, in isa jiƙe da gumi, ana tashi in kama hanya. Abin alfaharina shi ne ban taɓa makara ba. Tunda kuwa ni da na fito daga nesa ban makara ba, sai na yanke cewa babu mai hujjar makara a duniya. Na karyo tsumagiyar darbejiya, na tsaya bakin ƙofar aji.

Da rani komai lafiya. Ruwan farko na sauka sai 'yan mata suka fara zuwa bayan an buga ƙararrawa, ƙafafunsu jiƙe da raɓa, in sun zauna sai gyangyaɗi. Har da Azara, yarinyar da ta fi kowa kai a ajin. Ita ce in na yi kuskuren lissafi a allo ba ta cewa komai, sai dai ta ajiye fensir ta zuba wa wurin ido har in lura da kaina. In na tambaye ta me ya makarar da ita, sai ta sunkuyar da kai. Kin san yaran Dagomba ba sa ɗaga ido su kawo wa babba uzuri. Ni a lokacin taurin kai na ɗauki shirun. Na ba ta bulala. Washegari ma haka.

Hedimastanmu Mista Owusu ne, mutumin kudu, Kirista, wanda shi da matarsa a ƙauyen suke kwana. Hausarsa ta kasuwa ce, amma Dagbancinsa, wato harshen Dagomba, ya fi nawa nesa. Wata rana ya kira ni gindin mangwaro ya ce, "Ticha Yakubu, kai zo makaranta kullum, na gani. Amma kai ba ka zo ƙauye ba tukuna." Na yi dariya na wuce.

Rafin da ke kan hanyata ne ya yi mini abin da nasiha ta kasa. Aka kwana ana ruwa, aka wuni ana ruwa, rafin ya cika ya shafe hanya, dole na kwana a ɗakin ƙadangaren nan na 'yan kwanaki. Da asuba na fito da buta zan yi alwala, sai na ga mata jere a kan hanya, kowa da kwano a kai, ba mai magana, suna shiga daji. A bayan kowace mace akwai yarinya. Na hango Azara bayan goggonta, wadda ke riƙon ta, da kwanon da ya fi ta faɗi. Tsintar kaɗe za su. 'Ya'yan kaɗanya da daddare suke zubowa, wadda ta riga isa gindin itace ita ke kwasa, wadda ta jira hantsi sai ta tarar awaki da maƙwabta sun gama. Cikin ciyawar nan mai raɓa, da macizai, haka suke duƙe har rana ta fito. Da kaɗen nan ake sayen kayan miya na shekara. Da shi aka ɗinka wa Azara rigar makarantar da nake dukan ta a ciki. Ni da aka raine ni da man kaɗe tun ina jariri, ban taɓa tambayar ta wace hanya yake zuwa cikin gwangwani ba.

Na je wurin Mista Owusu kunya ta ishe ni. Bai ce ai na gaya maka ba. Sayo goro kawai ya sa ni, muka je gaban sarkin ƙauyen, muka zauna da magajiyar mata, aka yi ta magana har aka daidaita: lokacin kaɗe za a jinkirta ƙararrawa, a mayar da lissafi bayan hutun tara lokacin da idon yara ya buɗe, a ƙara zama kaɗan da rana. Mai duba makarantu da ya zo daga gari ya yi ƙorafi cewa ba haka tsarin yake ba, da ya ga aji cike da 'yan mata idonsu biyu sai ya sha ruwa ya hau babur ɗinsa. Sai dai gyaran bai iske Azara ba. Kafin kaɗe ya ƙare ta daina zuwa, daga baya na ji ta bi manyan 'yan mata Kumasi ɗaukar kaya a kasuwa. Ban ce bulalata kaɗai ce ta kore ta ba, gidansu ma akwai nauyi. Amma a cikin abubuwan da suka tura ta, nawa hannun yana ciki.

Don haka, Uwata, in yaro ya makara, ki fara sanin inda safiyarsa ta tafi kafin ki yanke masa hukunci. Ba kuma za ki sani ba in ba a garin kike kwana ba. Malamin da ke zuwa da hantsi ya koma da azahar rabin yaro kawai yake gani, rabin da aka wanke wa fuska. Ki zaga gaisuwar safe ko da kin gaji. Ki durƙusa wa tsofaffi, ki ce dasiba, ina kwanan Dagomba, ki jira su amsa, kada ki yi musu gaisuwar 'yan gari ta kan babur. Matan nan in suka ga kina durƙusawa, su da kansu za su gaya miki wane yaro ne ba ya karyawa, wace yarinya ce ke ɗebo ruwa kafin ta zo, wane gida ne aka yi rashi.

Akwai wata wautar tawa, ƙarama ce amma na daɗe a cikinta. In na gama bayani sai in juyo in ce da Turanci, kun gane? Aji duka su amsa da murya ɗaya cewa sun gane. In ji daɗi, in goge allo. Ranar jarrabawa sai in ga kamar da wasu yaran dabam na yi zangon. Na zarge su da ƙarya. Ashe tarbiyya ce. Yaron da aka koya masa tun yana rarrafe cewa in babba ya yi magana amsa ake yi, ta yaya zai dubi ticha ya ce bayaninka bai shiga ba? Ai zagi ne a wurinsa. Sai da na daina tambayar nan gaba ɗaya. In na gama, in miƙa wa ɗaya alli in koma bayan aji in zauna. Ko in ce wa wani yaro, kamar Fuseini, ya gaya wa na kusa da shi da Dagbanci abin da na ce. Nan ne za ki ji abin da ya shiga kunnensu, wani lokaci ki yi dariya, wani lokaci ki riƙe kai. Ke kin fi ni sa'a, kin sha Dagbanci a nonon Mmanki. Kada ki ɓoye shi don a ce ke 'yar kwaleji ce. In Turanci ya toshe, ki buɗe musu ƙofa da harshen gidansu, sannan ki dawo da su. Kuma yaron da kika ga ya kwantar da kai a kan tebur da hantsi, ki tambayi cikinsa kafin ki tambayi ƙwaƙwalwarsa. Ludayin koko ya sha gyara mini ɗalibin da wa'azina ya kasa.

Yanzu ga labarin rigar. Kin sha jin Mmanki tana tsokanata da shi, amma ba ki taɓa jin sa daga bakina ba.

Bayan na daɗe a ƙauyuka aka ɗauke ni aka kai ni ofis cikin gari, wai sakayya. Aka ba ni tebur da kujera da fanka. A makon farko na lura da wani abu. In ka shiga ofishin da hantsi za ka ga kujeru, kowace da batakari rataye a bayanta, rigar saƙin nan tamu mai nauyi, wani ma har da hula da tabarau a kan tebur, amma babu mutum. In baƙo ya tambayi wane, sai a nuna masa kujera a ce, "Ga rigarsa nan, bai yi nisa ba." Mai rigar kuwa yana unguwar Kasalgu wurin suna, ko ya tafi addu'ar bakwai ɗin surukin abokinsa, ko yana gonarsa ana yi masa huɗa. Da yawa riga biyu suke da ita, ɗaya ta sawa, ɗaya ta aiki. Ta aikin ba ta taɓa makara, ba ta taɓa tashi da wuri.

Kada ki ce mutanen banza ne. Na zauna da su, na san su. Albashi yakan makara, gona ce ke ciyar da gida. Wanda ya yi aiki tuƙuru da wanda ya kwana a kujera rana ɗaya ake musu ƙarin girma. Wani zai zo da niyyar aiki ya tarar babu takarda, babu man babur ɗin zagaya makarantu, sai ya zauna yana kallon fanka har zuciyarsa ta mutu. Ga kuma garinmu: in ba ka je makokin mutane ba, ranar naka za ka ga tabarmi babu kowa. Duk wannan akwai. Ni ma da farko na yi ta tsaki. Kafin shekara ta zagayo na sayi riga ta biyu.

Wata Alhamis na rataye ta na tafi ɗaurin aure. Aka ci, aka sha, aka yi hira, sai bayan azahar na dawo ina sakace haƙori. Ina shiga sai na tarar da Mista Owusu, ya tsufa, gashinsa fari fat, ya jawo benci ya zauna daidai gaban kujerata, hularsa a gwiwa. Iska ta yaye rufin aji biyu a makarantarsa, yara suna karatu a gindin itace, damina kuma ta matso. Sa hannuna kawai yake nema takardar ta wuce gaba. Ashe zuwansa ba na farko ba ne, kuma kowane zuwa sai ya rufe nasa ajin ya hau motar kasuwa.

Bai juyo ya dube ni ba. Rigar ya ci gaba da kallo, ya ce, "Ticha Yakubu, sannu da zuwa. Ni da abokinka muna hira tun safe."

Na ce, "Masta, ka yi haƙuri, fita ce ta kama ni."

Ya ce, "A'a, ba komai. Shi mutum kirki ne. Na gaishe shi, bai amsa ba, amma bai tafi ko'ina ba. Na gaya masa maganar rufi, ya saurara har ƙarshe. Abu ɗaya ne, ba shi da hannu. In da shi da hannu, da na koma tun jiya."

Masu buga takardu suka fashe da dariya, ni ma na yi, don babu abin yi. Na sa hannu. Da zai fita sai ya dafa kafaɗata ya rage murya ya ce, "Wancan lokaci keke ya kawo ka, keke ya mayar da kai. Yanzu riga. Yaushe kai da kanka za ka zo aiki?"

Ranar na ɗauke rigar daga kujera na sa ta a jikina a kan ɗayar, na hau babur da riga biyu cikin zafin nan, Mmanki ta gan ni ta ce ko zazzaɓi ne. Ban daina zuwa makoki da suna ba, kada ki ɗauka na zama waliyyi. Abin da na daina shi ne barin ƙarya a kan kujera. In zan fita sai in ce na tafi wuri kaza, zan dawo bayan azahar, wanda ya zo daga nesa ga wanda zai gani. Abin mamaki, da na fara faɗin inda za ni da bakina, sai fitar ta ragu da kanta, don wata fitar kunyar faɗa gare ta.

Ke ma za ki tarar da irin wannan a can, ko da babu batakari. Za ki ga malamin da ke zuwa Talata ya gudu Alhamis. Za ki ga wanda ke ba babban yaro littafi ya kwafa wa aji a allo shi kuma yana gindin itace yana neman inda waya ke kamawa. Kada ki raina su, kada ki kai ƙararsu a makonki na farko, ba ki san abin da ya gajiyar da su ba. Amma kada ki sayi riga ta biyu. In za ki zo gida, ki gaya wa hedimasta, ki gaya wa yaran ranar da za ki dawo, kuma ki dawo ranar. Yara suna yafe wa malamin da bai iya ba. Wanda ba su san ko zai zo ba, shi ne suke daina wanke ƙafa dominsa.

Saura ɗaya, wannan kuwa naki ne. Kina aji huɗu sakamakonki ya faɗi. Kullum ina gida da yamma, ina zaune a kujerar nan ta tsakar gida, rediyo a kunne, kowa ya ga uba yana nan. Na karɓi sakamakon na yi miki faɗa, na ce wasa ya yi miki yawa, 'yar ticha guda. Kika sunkuyar da kai irin na Azara, ban kuma tuna da Azara ba. Mmanki ce, wadda ba ta taɓa riƙe alli ba, ta ce mini, "Malam, yarinyar nan in na aike ta ɗauko abu sai ta kai fuska kusa da shi kamar mai sansana. Ka kai ta a duba idonta." An mayar da ke bencin baya ne saboda tsayinki, allo ya zama miki hayaƙi. Ranar da aka sa miki tabarau muna dawowa kika tsaya a hanya kika ce, "Baba, ashe ganyen itace ɗaya-ɗaya ne." Na yi kamar wani abu ya faɗa mini a ido. Ashe a gidana ma riga ce a kan kujera. Saboda haka yaron da aka ce daƙiƙi ne, ki matso da shi gaba tukuna, ki yi masa magana ta kunnen dama da ta hagu, ki ga abin da zai faru.

To, mun dawo daga Salaga.

Na je wurin Alasan shekaranjiya. Ban gaya miki ba, Mmanki kaɗai ta sani, ita ta goge mini hula. Na shiga ofishin ina duban kujeru, tsohon hali. Na tarar da shi zaune a kan tasa, rigarsa a jikinsa, na ji daɗin wannan ƙwarai. Yana ganina ya zagayo tebur, babban mutum da tumbinsa, ya durƙusa har ƙasa ma'aikatansa suna kallo. Muka gaisa, ya tambayi Mmanki, ya tambayi gwiwata, ya tuna mini ranar da na kama shi da gasasshiyar masara a aljihu. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni, ban rage komai ba, har maganar digirinki.

Ya ce, "Ticha, wannan ai ba sai ka taso ba. Kalma ɗaya za ka aiko. Akwai gurbi a wata makaranta nan Kasalgu, tana iya zuwa da ƙafa."

Na yi godiya. Da na tsaya nan da yanzu kina dariya a tsakar gida. Amma bakin nan nawa. Na ce, "Alasan, in an cire ta, wa za a tura can?"

Ya juya biro a hannunsa, sannan ya yi 'yar dariyar da ba ta daɗi ba. Ya ce, "Ticha, kowa yana da baba."

Ya ce duk wanda aka rubuta wa makarantar nan, kafin mako ya ƙare wani dattijo ya shigo da hula a goge. Ajin da aka ba ki kuwa, tun bara babu mai shi, hedimasta ne ke leƙa su in ya samu sarari. Ya ce matan garin ne suka aiko musamman a ba su malama mace, don 'yan matansu suna kaiwa wani aji sai su zube, ba su taɓa ganin mace da alli a hannu ba. Ya ce shi ba zai matsa ba, ni malaminsa ne, abin da na ce shi za a yi, in dai saƙo ya iso shi kafin a tashi aiki ran Juma'a.

Na fito na tsaya bakin titi, 'yan yalo-yalo, masu keke mai ƙafa uku na haya, suna ta yi mini hon, na rasa inda za ni. Ina son ki kusa da ni, Uwata. Gwiwata ba ta da kyau, ke ce kike lura in na ɓoye ciwo. Ina jin tsoron kogin nan fiye da yadda kike jin sa. Karatunki kuma ba ƙaramin abu ba ne, damina za ta cinye miki wasu makonni, wataƙila shekara guda ta ƙaru a kai. Ba zan ce miki ƙauye daɗi ne da shi ba. Za ki yi kuka a makon farko, sauro zai gaishe ki kafin sarki, za ki yi kewar wake da shinkafar bakin tasha. Amma tun da na bar ofishin nan nake ganin jerin 'yan mata da kwanoni a kai suna shiga daji da asuba, kuma a cikinsu akwai wadda in an yi kuskure a allo za ta ajiye fensir.

Ban ba Alasan amsa ba, don ba ni aka tura ba. Abin da kawai nake roƙon ki shi ne, duk wanda kika zaɓa, ki je shi da kanki gaba ɗaya. In Kasalgu ce, ki zama malamar Kasalgu ta gaske, can ma yaran mutane ne. In hayin kogi ne, kada ki kai musu jikinki ki bar zuciyarki a tashar mota.

Ga yadda za mu yi, don na san nauyin baki gare ki kamar mai sunanki. Tsohuwar batakarin nan tawa mai baƙi da fari, ita ce ta kan kujerar, ita ce abokiyar hirar Mista Owusu, Allah ya ba shi lafiya in yana raye. Na sauko da ita daga ƙusar bayan ƙofata, Mmanki ta wanke ta, ta sa miki a saman akwatinki. In kin zaɓi zama cikin gari, ki mayar da ita kan ƙusarta kafin Juma'a. Ba sai kin ce komai ba. Zan sa hula in koma wurin Alasan, kuma wallahi ba za ki taɓa jin maganar nan daga bakina ba, ko da wasa. In kuwa Juma'a ta wuce ƙusar babu komai, na san inda rigata za ta. Tana da nauyi, tana maganin sanyin asuba a kan ruwa. Ta yi miki yawa, ki naɗe hannun. A jiki za ki sa ta. Ta gaji da kujera.

Na karanta wa Mmanki wasiƙar nan tun daga sama, tana tsinke ganyen ayoyo na miya. Da na gama ta ce na ɓata takarda da tawada a banza, wai ita ta ga takalman roba na shiga ruwa a ƙarƙashin gadonki tun ranar kasuwa, sababbi, da gidan sauro a cikin leda. Na ce mata ni ban ga komai ba, kuma tsarin ƙusa yana nan yadda na faɗa. Ta ce to in daina leƙa bayan ƙofa kamar mai jiran kaza ta yi ƙwai.

Allah ya yi miki albarka, Uwata. Allah ya sa ki fi ni gani, ki fi ni haƙuri, ki riga ni ganewa. Allah ya kwantar miki da ruwa in za ki haye, ya tsare ki daga miyagun ƙwari da mugun baki, ya sa yaran mutane su amfana da ke, ya dawo mana da ke lafiya duk lokacin da kika nufo gida. Mmanki tana gaishe ki, ko da yake ga ta can tana jin ki kina jin ta.

Gobe in kin zo gaisuwa, ki ɗan zauna.

Wassalam.

Naki har kullum,
Babanki, kuma ɗanki.